Kawu Sanyi da Injin Ƙanƙarar Inna

A layin masu gyara Baba Sanyi suke ce masa. Mu a gida Kawu muke kiransa, domin ƙanen surukata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ɗaya ce a duniya take ce masa Auta, ita ce surukar tawa, wadda muke kira Inna. Ya haura sittin, gemunsa ya yi fari fat, jikokinsa biyar, amma in ya shigo ta ce, "Auta, ka goge ƙafa," sai ka ga ya koma bakin ƙofa ya goge.

Ita ta raine shi. Yana ɗan shekara huɗu mahaifiyarsu ta rasu, Inna kuwa a lokacin budurwa ce mai koyon ɗinki. A gindin kekenta ya girma. Makaranta ba ta karɓe shi ba, shi ma bai matsa mata ba. Yana da sha shida ya sami aiki a wani kamfanin ƙanƙara, yana jan sanduna daga ɗakin sanyi zuwa mota da ƙugiya da buhu a kafaɗa. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin nan. Can ya samo laƙabinsa, can kuma ya bar jin 'yan yatsunsa uku na hannun dama. Suna nan, suna motsi, amma ko allura ka soka masa a kansu sai dai ya gani da ido.

Gyara kuwa da kallo ya koya. Duk ranar da injin kamfanin ya tsaya aka kira makaniki, Kawu ne mai riƙe masa fitila. Da kamfanin ya rufe, sai ya kama wani ɗan shago tsakanin mai walda da mai facin taya, ya fara karɓar firji. Na sha zuwa shagon. Ƙofofin firji a jingine da bango, tukunyar gas a ɗaure da sarƙa, kwamfiresa, wato injin sanyin firji, a jere a ƙasa kamar tukwanen da aka kife, da wani benci da ya yi da murfin tsohuwar firiza. Yadda yake gano ciwon firji abin kallo ne. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin kwamfiresa, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido. In ya buɗe ya ce, "Wannan gas ne ya tsere," to gas ɗin ne.

Abu ɗaya ne ba ya taɓawa: sababbin firji masu allon lantarki da 'yan fitilu a ƙofa. In aka kawo irinsu ko sauke su daga mota ba ya bari a yi.

"Ba layina ba ne," yake cewa. "Ku kai wa masu kwamfuta."

Irin wannan firjin mijina ya saya mana. Direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai kwana a gida ba. Ƙofa biyu gare shi, da wani lungu a jikin ƙofar hagu inda za ka danna kofi ƙanƙara ta zubo, in ka so dunƙule, in ka so niƙaƙƙiya. Ranar da aka kawo shi Kawu ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "Wannan ai ba firji ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Ranar da ya tafi yajin aiki kada a neme ni."

Muka yi dariya. Ba mu san yadda lungun nan zai zama mana ba.

Bayan shekara biyu Inna ta kwanta ciwo. Maganin da ake ƙara mata a asibiti duk sati uku ya sa bakinta ya yi gyambo har maƙogwaro. Ruwa ma sai ta runtse ido take haɗiyewa. Likita ya ce ta riƙa tsotsar niƙaƙƙiyar ƙanƙara kaɗan-kaɗan, musamman kafin ta ci wani abu. Ni malamar firamare ce, ina fita bakwai na safe, sai biyu nake dawowa. Inna kuwa mace ce da ta tsani ta ce a miƙo mata abu. Sai ta dafa bango ta taho kicin da ɗan kofinta na silba, ta danna, ta koma. Wannan tafiyar ta taku ashirin ita kaɗai ta rage mata da take yi wa kanta.

Sai injin ya fara iskanci. Da farko maimakon ƙanƙara sai ya riƙa juye ruwa a cikin akwatin, ruwan ya daskare ya zama dunƙule guda kamar dutse. Bayan kwana uku ya tsaya cak, wata 'yar jar fitila tana ƙiftawa. Na koma zuba ruwa a farantin roba in sa a firiza, in daka ƙanƙarar da safe in bar mata a fulas. Kafin sha ɗaya ya narke. Wata rana na dawo na tarar ba ta ci komai ba tun safe, farantin ƙanƙara yana ƙasa, ta yi ƙoƙarin murɗa shi hannu ya ƙi.

"Me ya sa ba ki ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ba, Inna?"

"In ce mata me? Zo ki ba ni ruwa a baki?"

Na kira mai gyaran da shagon da muka saya suka ba mu lambarsa. Ya zo da jaka mai kyau, ya danna nan ya danna can, minti goma ya ce injin ƙanƙarar gaba ɗaya za a canza, kuma babu shi a gari, sai an yi oda, wata ɗaya ko biyu. Mijina a waya ya ce a yi odar. Inna tana jin mu daga ɗaki.

"Wata biyu," ta ce. "Kira min Auta."

Ya zo da la'asar, ya gaishe ta, ya daɗe yana kallon yadda ta rame. Ta nuna masa hanyar kicin da haɓa.

"Yaya, kin san ba na taɓa irin waɗannan."

"Shekara nawa kana gyaran firji?"

"Ashirin da shida."

"Kuma na gidana ne ya fi ƙarfinka. To shi ke nan. Allah ya ba mu haƙuri." Ta juya fuska bango.

Ya fito ya same ni a kicin, ya tsaya gaban firjin hannu a baya. Can ya ce a hankali, "Malama, tsakani da Allah tsoron allon nan nake. Ba na jin maganarsa. Kwamfiresa in ta yi ciwo tana kuka, wannan kuwa sai dai ya ƙifta maka ido." Ya cire hula ya ɗora a kan kabad. "Amma kawo min kujera. Ko shi ko ni."

Bai fara da allon ba. Ya ce zai bi abin kamar yadda ruwa yake bi. Ya jawo firjin, ya cire siririn tiyon da ke baya, ruwa ya tsarto masa a riga. Ruwa na zuwa. Ya sa hannun hagu cikin firiza ya ɗan jima, ya ce sanyi ya isa. Ya laluba gefen injin ya sami wani ɗan maɓalli, ya danna, sai farantin ƙanƙarar ya juya a hankali, ya murɗe, ya dawo mazauninsa, ruwa ya zubo ya cika shi.

"To," ya ce. "Ruwa lafiya, sanyi lafiya, motar da take juya farantin lafiya. Saura wanda yake gaya masa ruwa ya daskare. Da can agogo ne a ciki. Wannan ban ga agogo ba."

Ya kashe wuta, ya kwance sukuru biyu, ya zaro injin ya kifa a kan tebur. A ƙarƙashin farantin akwai ɗan soso, a ƙarƙashin soson wani abu fari kamar ƙwayar magani, da siraran wayoyi biyu.

"Ga munafukin," in ji Kawu.

Ni na duba a wayata. Sunansa sensa, aikinsa jin sanyi. In aka gwada shi da mitar masu aikin lantarki, lamba tana hawa in ya yi sanyi, tana sauka in ya yi ɗumi, da wannan lambar allon yake sanin lokacin juye ƙanƙara. Na sami jadawalin lambobin na karanta masa, ya sa na maimaita sau uku, sannan ya rubuta a bayan kwalin ashana da irin rubutunsa. Yana da mita, amma iyakar abin da yake yi da ita ya ga ko wuta ta shiga. Ranar ya fara juya ta zuwa wani gefen.

A ɗumin kicin ta nuna biyar, daidai da jadawali. Ya tsoma sensan a kofin ruwan ƙanƙara, lambar ta hau har sha shida. Daidai kuma. Ya girgiza wayoyin, lamba ba ta motsa ba.

"Lafiyarsa lau," ya ce, ransa bai so ba. Ya goge bakin soket ɗin, ya mayar da komai. Kafin magariba muka ji ƙanƙara ta zubo. Inna ta ce, "Ka gani? Da ma raki ne." Ya tafi yana murmushi.

Washegari da na dawo makaranta jar fitilar tana ƙiftawa.

Da na gaya masa a waya ya ce yana zuwa. Ya rufe shago ya shiga kasuwar kayan gyara, rumfa-rumfa, da hoton sensan a wayarsa. Wani ya ba shi mai kama da shi sak, ya rantse masa duk ɗaya ne. Kawu ya zo ya sa. Awa huɗu injin bai juya ba, ruwa ya daskare a faranti yana zaune. Da ya ciro ya gwada, lambarsa daban ce da ta jadawali. Kama ce kawai.

Ya zauna a kujerar kicin da sensa biyu a tafin hannu, tsoho da sabo, yana kallonsu. Mijina ya kira, na sa a sifika.

"Kawu, don Allah kada ka wahalar da kanka. An riga an yi oda."

"Uwarka za ta ci odar ne kafin ta iso?"

"Ba haka nake nufi ba, Kawu."

"Na san abin da kake nufi. Ku ba ni zuwa jibi. In ban gyara ba, ni zan riƙa kawo mata ƙanƙara da kaina duk awa biyu, in ga wanda zai hana ni."

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya iya ƙarfinta: "Ni zan hana ka. Ba na son ganin fuskarka sau shida a rana."

Ranar Asabar ba ni da makaranta. Tun takwas ya iso, da alama ya kwana yana juya abin a ransa, domin ko zama bai yi ba ya fara magana.

"Malama, wauta na yi. Na fito da shi waje na tambaye shi, ya ce min lafiya. To ai ba a waje yake aiki ba. A ɗakin sanyi muna da tiyon wanke ƙasa. A rana laushi gare shi kamar tsumma, in ya kwana a ciki sai ya sandare, kana lanƙwasa shi ya tsage. Kan sensan kawai na tsoma a ruwa, wayar tana waje tana shan ɗumi. Yau a ciki zan tambaye shi."

Ya mayar da tsohon sensan mazauninsa, amma bai haɗa shi da allon ba. Ya ɗaura wasu siraran wayoyi biyu a bakinsa, ya fito da su ta gefen robar ƙofa zuwa mita, ya rufe firiza. Ya ɗora mitar a kan kujera, shi ya zauna a ƙasa. Na ba shi shayi ya bar shi ya huce. Lamba tana hawa a hankali, goma, sha biyar, ashirin. Fiye da awa guda yana zaune, in na yi magana sai ya ɗaga min hannu kamar mitar za ta ji.

Da ta haura talatin ya miƙe. "Zo ki tsaya nan. Kada ki ɗauke ido daga lambar."

Ya buɗe firiza, ya kama farantin ya murɗa shi da hannu kamar yadda motar take yi.

"Ta ɓace, Kawu!"

Ya saki. "Yanzu fa?"

"Ta dawo."

Ya sake murɗawa, ta sake ɓacewa. Sau huɗu yana yi. Sai ya yi wata dariya da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya buga cinya.

"Waya ce! Sensan bai yi laifin komai ba. Waya ce ta karye a cikin rigarta. In da ɗumi bakin biyu suna taɓa juna, in ta sandare aka murɗa sai su rabu. Shi kuma allon da ya ji shiru sai ya ɗauka an daskare, ya juye ruwa. Da abin ya ishe shi ya kunna ja."

Saura a gano inda ta karye. Tsawon wayar bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma daga waje sumul take. Ya sa tabarau, ya haska tocila, bai ga komai ba. Ya bi ta da 'yan yatsu, sai ya tsaya ya dubi hannunsa. Yatsun da za su ji ba sa ji, na hagu kuma duk sun yi kanta, fatar ta yi tauri. Na gwada, ni ma ban ji komai ba. Ya ce zai yanke ta gaba ɗaya, amma in ya matsa kusa da kan sensan zafin dalma zai iya kashe shi, kuma ba mu da wani.

"Kawo nan."

Inna ce a bakin ƙofar kicin, ta dafa bango. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Na kawo mata kujera. Ta karɓi wayar, ta rufe ido, ta ja ta tsakanin babban yatsa da manuni a hankali, yadda take laluben ƙulli a zare. Ta kai ƙarshe ta dawo. A karo na biyu ta tsaya.

"Nan. Akwai rami."

Kawu ya sa reza ya tsaga rigar a daidai wurin. Zaren jan ƙarfen duk sun tsinke, saura ɗaya, shi ma a karye, bakinsa kawai ke taɓa ɗan'uwansa. Daidai inda wayar take lanƙwasa duk sanda farantin ya juya.

"Shekara arba'in ina ɗinki," ta ce. "Kai kuma an ce maka injiniya."

"Ban taɓa cewa ni injiniya ba ne, Yaya."

"Gara da ba ka ce ba."

Ya yanke wurin. Daga jakarsa ya fito da wata waya mai laushi da ya ciro daga tsohon abin sauraren waƙa, ya gwada ta tukuna: ya sa ta a firiza minti ashirin, ya fito da ita ya lanƙwasa, ba ta sandare ba. Sannan ya haɗa da dalma. Ni na riƙe masa bakin wayar da filaya. Ɗigo biyu, ya hura. Ya zura wa kowane haɗi 'yar rigar roba, ya gasa ta da ashana ta kama, ya shafe da gam don kada laima ta shiga. Na'urar busar gashina ya ara ya busar da gam ɗin, yana cewa yau ta yi aikin kirki. Ɗaya wayar ma ya canza ta, ya ce tare suka sha wahala, ita ma tana hanya. Da zai mayar sai ya bar wayar da ɗan sako-sako, ya ɗaure ta nesa da inda farantin yake murɗawa.

Bai yarda da aikinsa ba sai da ya sake gwajin nan na cikin sanyi. Wata awar ta tafi. Ya murɗa farantin sau goma, ina kallon mita, lamba ba ta ko girgiza ba. Sannan ya haɗa da allon ya kunna. Jar fitilar ta mutu.

Inna ta ƙi komawa ɗaki. Muka zauna mu uku a kicin, ina yankan albasa, su suna faɗa a kan wace shekara ce rufin gidansu na da ya zube, kowa ya kafe a kan tasa. Wajen ƙarfe uku muka ji motar ta yi ƙara a hankali, sai ruguguf, ƙanƙara ta zube a akwati. Kawu ya buɗe ya ɗauko ɗaya, ya ɗaga ta wajen taga, ya sa a baki ya tauna. Ƙanƙara ce har tsakiya.

Na tashi zan ɗebo wa Inna, ya riƙe min hannun riga ya girgiza kai. Ta miƙe da kanta, ta taka zuwa ƙofar firjin, ta danna kofinta. Ta ɗauki kaɗan da cokali ta sa a baki, ta tsaya ido a rufe. Da ta buɗe ta dube ni.

"Akwai sauran abincin nan mai ruwa-ruwa? Ɗumamo min kaɗan."

Kawu bai tafi ba sai da injin ya juye sau uku. Washegari ya dawo da safe ya duba, jibi ma haka, har Inna ta ce in ya sake zuwa za ta sa a ba shi tsintsiya. Injin da aka yi oda ya iso bayan sati bakwai. Yana saman kabad a kwalinsa, ba a buɗe ba.

Inna ta gama karɓar maganinta bayan wata biyar. Bakin ya warke, ta fara cin abinci sosai, ko da yake ƙarfin bai dawo duka ba, kuma har yanzu muna zuwa asibiti duk wata.

Kwanan baya na bi ta layin su Kawu zan kai gyaran takalmi. Mai walda ya tare ni yana dariya, ya ce mu ne muka ɓata musu Baba Sanyi, yanzu ko hira ba ya zama yi. Na leƙa shagon. Yana kan benci da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, da wani koren allo a gabansa da littafin makaranta mai layi da ya cika rabinsa da lambobi. Bai ko amsa gaisuwata daidai ba.

"Yawwa, Malama, Allah ne ya kawo ki. Wannan ɗan baƙin abin mai ƙafa uku, akwai rubutu a jikinsa, idona ya kasa. Karanta min."

Na ajiye takalman na karɓi tocila.